Kwamfuta Ɗaya, Kujeru Ashirin: Lissafin da Masu Makarantu a Jos Za Su Yi Kafin Su Saya

Wani yaro ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare ya zauna gaban allo, ya taɓa kibod, ya motsa linzami, sai ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin tebur. Ya jima yana dube-dube kafin ya ɗago ya ce, "Malam, tawa ba ta da sifiyu." Na ce ya leƙa bayan allon. Can ya ga wani ɗan akwati baƙi, bai fi sandar sabulun wanki girma ba, an ɗaure shi da noti, wata shuɗiyar waya ta fito daga jikinsa ta bi gindin bango. Na sa ya bi wayar da ido har kusurwar ɗaki, kusa da teburin malami, inda wayoyi ashirin suka haɗu, kwamfuta guda ɗaya tak tana zaune fankarta na juyawa. Na ce masa, "Ga sifiyunka can. Ita ce kuma ta kowa a ajin nan."

Wannan ya faru ne a wata makaranta mai zaman kanta da ke cikin unguwa, ba nisa da Bauchi Road a nan Jos, inda nake zuwa koyar da kwamfuta. Tambayar yaron nan, ita ce masu makarantu da dama suke yi mini da wasu kalmomin, musamman tun da maganar rubuta jarrabawa a kwamfuta ta kankama. JAMB ta fara gwada tsarin a 2013, zuwa 2015 ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. WAEC ma ta fara da masu rubuta jarrabawa daga waje a 2024. Yanzu iyaye idan sun zo neman wa yaro gurbi, sai sun tambaya ko akwai ɗakin kwamfuta. Mai makaranta ya zauna ya buga lissafin kwamfuta ashirin ko talatin a farashin yau, ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai wani ya raɗa masa cewa ai akwai dabarar da ake sayen guda ɗaya a raba wa yara da yawa. Gaskiya ne akwai, kuma tana aiki. Sai dai mai tallar kayan ba ya faɗin komai, shi ya sa nake so in warware zancen yadda na fahimce shi.

Abin da ya sa rabon yake yiwuwa shi ne kwamfuta ta fi mutum sauri nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar zamani, wato furosesa, tana bugawa sau biliyan 3 ko fiye a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikinta akwai sassa huɗu ko takwas da kowanne ke aikinsa daban. Yaron da ke koyon buga rubutu kuwa, da ƙyar yake danna harafi biyu a daƙiƙa. Tsakanin harafi da harafi, na'urar zaman jira kawai take yi. Wanda ya taɓa buɗe wurin da Windows ke nuna yawan aikin furosesa yayin da yake rubuta wasiƙa, ya ga yadda adadin yake kwanciya ƙasa ƙwarai. To, wannan lokacin da ake ɓarnatarwa shi ake rabawa. Kwamfutar tana saurarar kujera ta ɗaya na ɗan taƙin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta koma ta biyu, ta zagaye ajin kaf ta dawo, ba wanda ya lura an bar shi. Mai shayi a Terminus da sassafe haka yake yi da mutum goma a kan benci, ya zuba wa wannan, ya juya ƙwan wancan, ya yanka wa na ƙarshe burodi, kowa na ganin shi ake wa hidima.

Dabarar tsohuwa ce, da tsohuwar zuma ake magani. A 1961 masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Fernando Corbató, suka nuna tsarin da mutane da yawa ke aiki da babbar kwamfuta ɗaya a lokaci guda, domin a zamanin nan kwamfuta ɗaki guda take cikawa, kuɗinta kuma sai gwamnati ko babban kamfani. A 1972 kamfanin IBM ya fitar da VM/370, wanda ke raba na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori da yawa. Da ƙananan kwamfutoci suka yi araha a shekarun 1980, sai kowa ya koma ga tasa, aka yi kamar an manta da rabon. Ya dawo ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Microsoft ta fitar da Windows na musamman don wannan aikin a 1998, shekarar da aka kafa kamfanin VMware mai yin manhajar raba na'ura.

Rabon kansa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, don mai sayarwa yakan haɗa su duka a suna ɗaya. Mu ɗauki gidan haya. Akwai gidan ɗaki-ɗaki, kowa da ƙofarsa da makullinsa, amma tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, banɗaki ɗaya. Haka tsarin makarantarmu yake: manhajar da ke tafiyar da kwamfutar guda ɗaya ce, kowane yaro ya shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ya tarar da fayilolinsa a inda ya bar su. Ɗan akwatin da ke bayan allo ba ya lissafin komai. Aikinsa ya ɗauki abin da aka danna ya aika wa uwar kwamfutar, wadda masu sana'ar ke kira saba, ya karɓo hoto ya nuna. Wannan tsarin yana da sauƙi a kan na'ura, saboda idan yara ashirin suka buɗe manhajar rubutu iri ɗaya, ba sai an loda ta sau ashirin ba. Matsalarsa ita ce ta gidan ɗaki-ɗaki: maƙwabci ɗaya ya kwalfe rijiya, kowa ya rasa ruwa.

Akwai kuma gidan da aka yanka fulat-fulat, kowa da kicin ɗinsa da banɗakinsa, ginin ne kawai ɗaya. A nan wata manhaja ce ke zama tsakanin ƙarfen na'urar da masu amfani, tana ƙirƙiro wa kowa kwamfutar kwaikwayo cikakkiya mai Windows ɗinta ita kaɗai. Idan ta wani ta kamu da bairos ko ta tsaya cak, sauran ba ruwansu, a goge ta a sake ɗauko sabuwa cikin minti kaɗan. Manyan ofisoshi da masu riƙe da bayanan jama'a sun fi son wannan, domin bayani ba ya barin ɗakin saba. Ko an sace na'urar kan tebur, ba a saci komai ba. Amma yana cin ma'ajiya sosai, da kuma ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Idan kowace kujera za ta ci gigabait 4 na ram, kujeru ashirin sun tashi gigabait 80 tun ba a yi maganar ita uwar ba. Kuɗin irin wannan saba ya fi ƙarfin makarantar unguwa.

Na ukun, wanda ake ta tallarsa yanzu, shi ne a bar sabar a wata ƙasa a riƙa haya, irin su Windows 365 da Microsoft ta fitar a 2021. Ba zan daɗe a kansa ba. Duk wata sai an biya da dala, kuma intanet ya yanke na minti ɗaya, allon ya daskare. Wataƙila ya dace da wani ofis a Abuja mai layin intanet biyu. Makarantar da ke sayen data a waya tana haɗawa da ajin, ba nata ba ne.

An gwada tsarin na farko, wato na gidan ɗaki-ɗaki, a manyan wurare. A 2007 ƙasar Makedoniya ta ƙulla yarjejeniyar sanya kujeru 180,000 a makarantunta da na'urorin kamfanin NComputing. A 2008 jihar Andhra Pradesh ta Indiya ta ɗauki irin wannan tsarin don makarantu 5,000. A 2009 aka sanar da kujeru sama da 350,000 a makarantun Burazil da manhajar kamfanin Userful na Kanada. A daidai wannan zamanin mu a nan ido ya fi karkata ga wata hanya, ta bai wa kowane yaro tasa laftof, shirin nan na Nicholas Negroponte, wani masanin jami'ar MIT, da aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala 100, wanda aka gwada a wata firamare a Galadima da ke Abuja a 2007. Tunanin yana da kyau, yaro ya mallaki abinsa ya tafi da shi gida. Amma yawan na'ura yana zuwa da yawan caji da yawan gyara, kuma wannan nauyin a kan makaranta yake sauka bayan masu ba da kyauta sun tafi.

A gani na, babbar hujjar kwamfutar haɗaka a Jos ita ce wuta, kafin ma a zo kan kuɗin saye. Garin nan yana da tsohon tarihi da lantarki, tun 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ruwa saboda haƙar kuza, amma yau duk mai makaranta ya san cewa ba ya tsara darasi da dogaro ga layin da ke shigowa unguwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta daga safe zuwa tashi ya zama abin da ake shawara kafin a yi. Waɗanda kamfanin wuta ya sa a rukunin A kuma, wato masu samun wuta awoyi mafi yawa, a Afrilun 2024 aka kai musu yunit ɗaya naira 225.

Ga lissafin da nake yi wa masu makarantu a bayan takarda, kuma ƙiyasi ne, kowa ya auna nasa kayan. Tsohuwar kwamfutar tebur ta hannu takan ja wajen wat 100, allonta na zamani wat 20. Guda ashirin sun tashi wat 2,400. A tsarin haɗaka, ɗan akwatin nan bai wuce wat 5 ba, da allonsa 25, sau ashirin 500, a ƙara wa saba 250, jimla 750. Idan ɗakin yana aiki awa shida a rana, na farko ya sha yunit 14 da ɗoriya, na biyu yunit 4 da rabi. Bambancin kuɗin wuta a wata yana da yawa, amma inda ya fi fitowa shi ne wurin sayen sola. Wat 750 matsakaiciyar inbata da batir kaɗan za su riƙe shi. Wat 2,400 kuwa sai an shiga kuɗin da ya kusa na kwamfutocin kansu. A makarantarmu, ranar da aka haɗa ɗakin da sola, darasin kwamfuta ya tashi daga zane a allo, inda malami ke zana linzami da alli yara suna kwafa, ya koma abin da ake yi da hannu kowace rana. Wannan kaɗai ya isa in riƙa kare tsarin.

Sai sauƙin kula. Manhaja sau ɗaya ake sakawa, kowa ya samu. Yaro ba zai iya soka fulash ya kwaso wa ɗakin bairos ba idan an rufe ƙofar hakan daga saba. 'Yan akwatunan ba su da fanka, ba su da wani abu mai juyawa a ciki, don haka ƙurar hunturun Jos da ke toshe kwamfutoci daga Disamba zuwa Fabrairu ba ta cika damunsu ba. Na'ura ɗaya ce za a buɗe a busa. Ɓarawo ma ba shi da abin yi da su, don a kasuwa ba mai sayen akwatin da ba ya aiki shi kaɗai. Malami kuma yana iya ganin allon kowane yaro daga teburinsa. Wannan yana da amfani a aji, amma ya kamata a faɗa wa masu amfani, musamman idan manya ne suke zuwa koyo da yamma suna buɗe saƙonninsu, cewa mai kula da saba yana iya ganin abin da ke ciki.

To, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Abin da ya haɗa ɗakin shi ne kuma abin da ke iya watsa shi. A ɗakin kwamfutoci ashirin masu zaman kansu, biyu su mutu, yara su matsa su zauna bibbiyu, darasi ya ci gaba. A nan sabar ta yi tari, allo ashirin su yi baƙi lokaci guda. Mun gani da idonmu wata rana da damina, bayan an kawo wuta da ƙarfi ta ƙone akwatin wutar cikin sabar. Abin da ya lalace ƙarami ne, amma kafin a samo irinsa sai da aka yi kwana tara ɗakin a kulle.

Akwai kuma nauyin aiki. Rubutu, lissafi a Excel, gwajin tambayoyin jarrabawa, koyon rubuta manhaja a matakin farko, duk waɗannan suna tafiya sumul. Bidiyo ne ke karya tsarin. Kowane hoto mai motsi sai sabar ta warware shi, ta sake naɗe shi, ta tura ta waya zuwa kujerar. Yaro ɗaya ko biyu, babu damuwa. Ranar da wani malami ya ce wa ajin kowa ya buɗe YouTube ya kalli darasi ɗaya, linzami ya daina motsi a ko'ina, har sai da aka kashe aka kunna. Burauza, wato manhajar shiga intanet, ita ma yanzu ta zama mai cin ram, kowane shafi da aka buɗe yana ɗibar rabonsa. Adadin da ake rubutawa a takardar talla, cewa kwamfuta ɗaya za ta ɗauki kujeru kaza, an auna shi ne da aiki mara nauyi. Ni nakan ce wa mai saye ya rage wannan adadin sosai, ya kuma sa kuɗinsa a ram da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD kafin komai. Wanda yake so ya koyar da zanen gini ko tace fim, ya nemi wata hanya.

Maganar da aka fi ɓoyewa ita ce ta lasisi. Windows ɗin da ke kan kwamfutar gida, lasisinsa na mutum ɗaya ne a lokaci ɗaya. Don a raba shi bisa ƙa'ida, sai an sayi Windows Server, a kuma sayi izini na daban ga kowace kujera ko kowane mai amfani. Microsoft tana ba da sassaucin kwana 120 kafin ta nemi wannan izinin. Na san wani wurin koyon kwamfuta a garin nan da aka haɗa wa ɗaki, aka yi bikin buɗewa, komai yana tafiya daidai. Wata huɗu cif, da safe aka kunna, babu kujerar da ta iya shiga. Mai wurin ya kira ni hankalinsa a tashe, yana cewa, "Malam, don Allah zo ka duba mana, kayan nan ko wata biyar ba su yi ba." Na duba na ce masa, "Alhaji, kayanka lafiyarsu ƙalau. Wanda ya haɗa maka bai sayi lasisi ba, wa'adin ne ya cika." Wanda ya yi aikin kuwa wayarsa ta daina shiga. Araha ba ta ado. Duk wanda za a haɗa wa irin wannan ɗaki ya nemi a nuna masa takardar lasisi da sunan makarantarsa kafin ya biya cikon kuɗi. Ita kanta Microsoft ta taɓa yin wani na musamman don makarantu, MultiPoint Server, a 2010, daga baya ta daina sayar da shi shi kaɗai, wanda hakan darasi ne a kan dogara ga kamfani ɗaya.

Mafita ɗaya ita ce Linux, wanda tun asali an gina shi don mutane da yawa, kuma ba a biyan kuɗin kujera. Akwai shirin LTSP da aka fara a 1999, wanda ke ba da damar tsofaffin kwamfutoci, har waɗanda ma'ajiyarsu ta mutu, su tashi daga saba ta waya. Makarantar da ke da tarin kwamfutocin da aka jibge a sito tana iya raya rabinsu da wannan. Masu makarantu sukan ja baya su ce ai iyaye Windows suka sani. Gaskiyarsu, sai dai abin da yaron sakandare yake buƙata shi ne hannunsa ya saba da kibod da linzami, ya iya buɗe fayil, ya iya cike fom, ya daina fargabar allo. Ranar jarrabawa tambaya zai gani da zaɓi huɗu, ba ruwansa da wace manhaja ce a ƙasa.

Dole kuma in ambaci abokin hamayyar tsarin, don adalci: laftof ta hannu. Tana jan wajen wat 30 zuwa 45, ke nan ashirin ba su yi nisa da lissafin haɗaka ba, ga batir a jikinta idan an ɗauke wuta, ga masu gyaranta birjik a shagunan Ahmadu Bello Way. Ga wurin da bai wuce kujeru biyar ko takwas ba, ni kaina laftof nake ba da shawara, wahalar kafa saba ba ta biya ba. Amma da yawa ya kai ashirin, sai matsalolin su fara bayyana ɗaya bayan ɗaya: batir ya kumbura, madannai sun fita, caja ta ɓace, kowace sai an zauna an saka mata manhaja daban, kuma laftof ita ce abin da ke shiga jaka cikin sauƙi. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da yawa daga tsofaffin laftof ɗin da ke kasuwa kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Cibiyar jarrabawa ta hukuma kuma maganarta daban. JAMB tana neman aƙalla kwamfuta 250 kuma tana da nata ƙa'idojin kayan aiki, don haka mai wannan niyyar ya karanta sharuɗɗan hukumar na shekarar kafin ya sayi ko waya ɗaya. Ɗakin koyo nake magana a kai.

Bayan duk wannan, abin da na ga ya fi yanke hukunci shi ne mutum. Tsarin haɗaka yana rage yawan aiki, amma yana ɗaga matakin ilimin da aikin yake buƙata. Gyaran kwamfutar tebur, yaran shago da yawa sun iya. Wanda ya san yadda ake buɗe wa ɗalibai asusu, a ƙayyade wa kowa rabonsa, a gano wace kujera ce ke shanye ram, a dawo da saba daga kwafin ajiya, ba shi da yawa a unguwanninmu, kuma idan ya ƙware yakan tafi Abuja ko Legas. Alhali a Jos akwai jami'a, akwai matasan da suka karanta kimiyyar kwamfuta suna zaune. Makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya haɗa hannu su ɗauki mutum ɗaya, su biya shi albashin da zai riƙe shi, ya riƙa zagayawa, ya kuma koya wa malami ɗaya a kowace makaranta abubuwan gaggawa.

Bayan kullewar kwana taran nan, na je ofishin mai makarantarmu na ce masa, "Ranka ya daɗe, abu uku nake roƙo." Ya ce in faɗa. Na ce a sayi saba ta biyu, ko da ba ta kai ta farko ƙarfi ba, a raba ajin gida biyu, ta yadda idan ɗaya ta kwanta rabin yara za su ci gaba. A sa na'urar kare ƙarfin wuta tsakanin bango da su. Sannan a rubuta lambobin sirri da yadda aka haɗa komai a littafi, a ajiye a durowarsa, kada ilimin ɗakin ya zauna a kaina ni kaɗai. Ya yi shiru yana duba takardar kuɗin, ya ce na biyu da na uku a yi su a makon nan, na farko kuma a bari sai an karɓi kuɗin zango mai zuwa. Da zangon ya zo ya cika alkawari. Yanzu kujeru goma na ɓangaren taga suna kan ɗaya, goma na ɓangaren ƙofa suna kan ɗayar, kuma duk ranar Juma'a kafin a tashi, malamar lissafi ce take kwafe fayilolin yara zuwa ma'ajiyar waje, ta mayar da ita durowa.